Dokar Shekara 18 da Yaran Tarka

A wani taron iyayen yara da muka yi a makarantarmu a Belbeji, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na ji an ce doka ta hana a sayar wa yaro giya sai ya kai shekara 18. To, wanda ya kai fa? Gwamnati ta halatta masa ke nan?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida tambayar ta hana ni sakat, domin ita ce gardamar duka: wannan iyaka tana kare yara ne, ko koya musu take yi cewa giya tukuicin girma ce?

Da na bi tarihin abin, sai na ga a ƙasar nan ba da shekaru aka fara auna mai sha ba, da launin fata aka fara. A 1890, shekara tara kafin Faransawa su ci Damagaram, ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Brussels. Suka shata yanki a Afirka, daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, suka ce duk inda mutane ba su saba da barasa mai ƙarfi ba, saboda addini ko wani dalili, kada a shigar da ita. Damargu tana wajajen digiri 15, ke nan muna ciki, alhali kakanninmu na can suna auna gero ga ayarin Abzinawa, ba su san ana zancensu ba. Amma an bar ƙofa: ana iya shigo da 'yar kaɗan don waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Wato Bature ya sha, baƙar fata komai furfurarsa yaro ne. Lugga ya ɗora Arewacin Najeriya kan wannan tsari, kuma a 1919 aka sabunta yarjejeniyar a Faransa.

Ita kanta Faransar da muka gaji tsarin dokokinta, ba da wuri ta waye ba. Malamai 'yan'uwana, ku ji wannan: sai a 1956, saura shekara huɗu mu sami 'yanci, aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giyar inabi a ɗakin cin abinci na makaranta. Manyan ɗaliban sakandare kuwa sai 1981. Kuma har zuwa 2009 ɗan shekara 16 yana iya sayen giyar inabi. A shekarar ne aka mai da komai 18. Dokar shekaru a can magani ce ga gidan da uba ke zuba wa ɗansa a kan teburi.

Amurka ta gwada hani baki ɗaya daga 1920 zuwa 1933, 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙiba, ta janye. A 1984 ta matsa wa jihohinta su mai da iyakar shekara 21, duk wadda ta ƙi a rage mata kuɗin gyaran hanya. Bincike ya nuna mutuwar matasa a haɗarin mota ta ragu. Masu suka na cewa an tura shan ne bayan ɗaki, inda babu idon babba. Ina ganin kowa da gaskiyarsa, sai dai ba gardamarmu ba ce.

Dokar shekaru tana bukatar abu biyu kafin ta yi aiki: takardar haihuwa, da kanti mai lasisi wanda ke tsoron a rufe shi. Duk malamin da ya taɓa ɗaukar 'yan aji ɗaya a ƙauyukan Tarka ko rugagen makiyaya ya san yadda ta farkon take. Yaro ya zo ba takarda, a dubi haƙoransa, a ce ya zagayo da hannu ta kansa ya kama kunne, a rubuta masa shekara. Wani ma a rage masa biyu don kada jarrabawa ta ƙi shi. Wa zai tsaya a bakin kanti ya ce wannan 17 ne, wancan 18?

Kantin ma ina yake? Wanda ya fito fili shi ke shan wuta, kamar yadda aka ƙona mashaya a Maraɗi a 2000, da Damagaram a Janairun 2015. Abin da ke cin yaranmu ba ya cikin kwalba. Tiramol ne, a tiren mai tallar magani ranar kasuwa, kusa da maganin ciwon kai, da sholisho wurin mai faci. Yaro ya haɗiya don ya jure noma ko kora dabbobi zuwa rijiya, ba wari, ba tangaɗi, ya zauna a gabana a aji ido jawur, ni kuma in ce zazzaɓi ne. Na yi wannan kuskuren fiye da sau ɗaya.

Don haka ba na cikin masu cewa a soke dokar. A Yamai da Agadas, inda mashaya ke da lasisi, ita ce sandar da hukuma za ta kama mai sayar wa ɗan makaranta. Cutarwarta a wurinmu ɗaya ce: tana sa uba ya ce, "Ai garinmu ba gidan giya," ya juya ya yi barci.

A taro na gaba na ce wa dattijon, "Baba, abin da addini ya hana, shekara 18 ba ta halatta shi ba, dokar da mai sayarwa take magana." Ya gyaɗa kai. Sai na fito da fankon ƙwayoyi bakwai da na tsinta bayan ajinmu cikin mako guda, na ajiye a kan teburi. Iyaye biyu ne kawai suka san ko mene ne.