Shekara arba'in a kan ɗan guntun furotin: tarihin rigakafin zazzaɓin cizon sauro

A shekarar 1967, a Jami'ar New York, Ruth Nussenzweig da abokan aikinta suka ɗebi ƙwayoyin cutar maleriya daga jikin sauro, suka raunana su da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sannan suka ɗura wa ɓeraye. Da aka dawo aka sa wa ɓerayen ƙwayoyi masu cikakken ƙarfi, da yawansu ba su kamu ba. A farkon shekarun 1970 David Clyde ya gwada dabarar a kan mutane a jihar Maryland, ta kuma yi aiki. Sai dai kafin mutum ya samu kariya sai sauro ɗaruruwa masu ɗauke da raunanan ƙwayoyin sun cije shi. Wa zai bi ƙauyukan Afirka da kejin sauro yana yi wa yara rigakafi?

Tambayar da ta biyo baya ita ce ta haifi fannin binciken rigakafin maleriya: me garkuwar jiki take gani a jikin ƙwayar cutar har take gane ta? Ashe ba duka take kallo ba. Yadda makiyayi ke gane saniyarsa cikin garke da ɗan tsagin kunne, haka garkuwar jiki ke riƙe wata 'yar alama a jikin furotin. Ita masana ke kira efitof. Idan an gano ta, ana iya haɗa ta a ɗakin gwaji, babu sauro, babu ƙwayar cuta mai rai.

A 1980 ɗakin binciken Ruth da mijinta Victor ya gano furotin ɗin da ya lulluɓe ƙwayar a lokacin da sauro ke tofa ta cikin jini, kafin ta isa hanta. Ana kiransa CSP. A 1984 aka karanta tsarinsa, sai ga abin mamaki: tsakiyarsa amino asid huɗu ne kacal, waɗanda ake taƙaitawa da NANP, suna ta maimaita kansu kusan sau 40. Nan ne sojojin garkuwar jiki ke kama ƙwayar. Murna ta cika fannin, aka ɗauka nan da 'yan shekaru an gama da maleriya.

Ba a gama ba. A 1987 aka fitar da sakamakon gwaji biyu a Amurka. A ɗaya an ɗaura NANP uku a jikin sinadarin rigakafin tetanus, mutum ɗaya cikin uku da aka sa sauro ya ciza ya tsira. A ɗayan, na cibiyar binciken sojoji ta Walter Reed, ɗaya cikin shida ne ya tsira. Jagoran gwajin, Dokta Ripley Ballou, ya karɓi allurar da kansa, ya miƙa hannu sauro mai cutar ya cije shi, ya kuma kwanta da zazzaɓi mai tsanani. Alamar daidai take, amma jiki bai ɗauke ta da muhimmanci ba. Guntu ne ƙarami, shi kaɗai, ba ya kama da abin tsoro.

A daidai lokacin ne sunan Manuel Elkin Patarroyo na ƙasar Kolombiya ya karaɗe duniya. Ya harhaɗa guntaye daga furotin daban-daban na ƙwayar cutar, ya sa wa haɗin suna SPf66, ya gwada a kan biran dajin Amazon, sannan a kan mutane. Ya ba Hukumar Lafiya ta Duniya haƙƙin mallakar allurar kyauta, abin da ya ƙara masa farin jini a ƙasashe matalauta. Gwajin Tanzaniya na 1994 ya nuna kariyar kashi 31 cikin ɗari. Na Gambiya da na Tailan da suka biyo baya ba su nuna wani abin a zo a gani ba, aka ajiye allurar. Patarroyo ya rasu a Janairun 2025. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin na faɗuwa, amma a ganina ba a yi masa adalci ba. A zamanin da manyan kamfanoni ba su ga riba a cutar talakawa ba, shi ya kai allurar maleriya har gwajin dubban mutane, kuma cibiyoyin Afirka sun koyi yadda ake irin wannan gwaji a kan allurarsa.

Mafita ta fito daga Beljiyam. A 1987 Joe Cohen, masani a kamfanin da yanzu ake kira GSK, ya dubi allurar ciwon hanta nau'in B da kamfanin ke haɗawa a cikin yis. Furotin ɗin wannan allura yana dunƙulewa da kansa ya zama ƙwallo mai siffar ƙwayar cuta. Sai ya liƙa masa jerin NANP, ya ƙara da wutsiyar CSP inda alamomin da ƙwayoyin T na garkuwar jiki ke ganewa suke, domin su ne ke taya jiki riƙe abin da ya koya. Sunan allurar, RTS,S, daga nan ya samo asali. Ko da haka sai da aka yi shekaru ana neman sinadarin da zai zaburar da garkuwar jiki. A 1997 mutum shida cikin bakwai suka tsira a gwajin Walter Reed, kuma Ballou na cikin masu aikin.

Daga nan sai Afirka. An gwada a Manhiça ta Mozambik a 2004, sannan babban gwaji daga 2009 zuwa 2014 a kan yara sama da 15,000 a ƙasashe bakwai. Allura huɗu sun rage kamuwa da kusan kashi 36 cikin ɗari. Wasu sun raina adadin. Amma cutar da ke kashe mutum wajen 600,000 a shekara, akasarinsu yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi ɗaya cikin uku nata ba abin rainawa ba ne. Ghana da Kenya da Malawi suka fara bayarwa a 2019, kuma mace-macen yaran da suka isa karɓar allurar ya ragu da kashi 13 cikin ɗari a yankunan. Ranar 6 ga Oktoba, 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita.

Ƙanwarta R21, ta Jami'ar Oxford, guntun iri ɗaya take ɗauke da shi, sai dai an cunkusa shi sosai a jikin ƙwallon. A Nanoro ta Burkina Faso, ƙarƙashin Halidou Tinto, ta nuna kariyar kashi 77 cikin ɗari a 2021, aka amince da ita a Oktoban 2023. Kamaru ta sa allurar maleriya cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024, Nijar da Chadi suka bi a shekarar, Najeriya kuma ta fara a Disamba da jihohin Kebbi da Bayelsa.

Kariyar tana raguwa da tafiyar lokaci, shi ya sa ake nanata wa iyaye su kai yara allura ta huɗu, kada kuma a naɗe gidan sauro. Masana kuwa sun koma kan CSP. A 2018 aka gano wata alamar dab da inda jerin NANP ya fara, wurin da RTS,S da R21 duka suka bari a waje. An haɗa sinadarin kariya mai kama wannan wuri, aka ɗura wa manya a Mali, kuma a 2022 Kassoum Kayentao da abokan aikinsa suka ba da rahoton ya hana kamuwa da kashi 88 cikin ɗari tsawon wata shida na lokacin da cutar ta fi yaɗuwa. Yanzu ana ƙoƙarin tsara allurar da za ta koya wa jiki ya riƙa kama wannan wuri da kansa.