Ina Sunan Malam Mai Kano Ya Tafi?

Ni dai ɗabi'ata ce, in na kalli fim ba na tashi sai sunayen ƙarshe sun gama wucewa. Abokaina har tsiya suke mini, wai me zan tsinta a ciki. Abin da nake tsinta shi ne waɗanda babu su: yaron da ya rera waƙar da jarumi ke motsa baki a kanta, ko wanda ya kwana uku yana gyara labarin. Na taɓa tambayar wani furodusa dalili, sai ya ce, "To ai an biya shi." Wannan amsa ta daɗe tana damuna, kuma da na bi sawu sai na ga ashe ba 'yan fim ne suka fara ba. Manyan littattafan da ake tinƙaho da su a nazarin Hausa ma haka aka yi da su.

A 1855 Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya koma Landan bayan doguwar tafiyarsa ta Kano, Kukawa da Tambutu. Ya tafi da samari biyu 'yantattun bayi, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga yankin Damagaram, an kama shi bauta yana yaro. A Ingila ya zauna wurin wani ɗan mishan, James Frederick Schön, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi da kalmomi, shi kuwa yana rubutawa. Da wannan Hausa, haɗe da wadda ya tsinta a Saliyo, Schön ya fitar da littafin nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885. Faransa ta ba shi lambar yabo ta Volney a 1877, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Dorugu kuwa ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano yana taimakawa a makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa, ya rasu a 1912.

A yi wa Schön adalci, bai ɓoye Dorugu ba. Tarihin rayuwarsa yana cikin Magana Hausa, kuma an nuna daga bakinsa aka ɗauka. Matsalar ita ce ma'aikacin laburare ba ya karanta cikin littafi kafin ya rubuta kati. Bango da shafin farko yake dubawa. Sunan da ke nan shi ke shiga kati, daga kati ya shiga jerin manazarta, daga can ya shiga kwamfuta. Sai a 1971 ne Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarin Dorugu da Turanci a matsayin tarihin mutum da ya ba da labarin kansa, shekara kusan sittin bayan rasuwarsa.

Kada mai karatu ya ce ai zamanin ne haka. Tun 1854 wani ɗan mishan a Firitawun, Sigismund Koelle, ya buga Polyglotta Africana, inda ya jera kalmomi kusan 300 a harsuna sama da 100, har da Hausa. Ya samo su ne daga bakin bayin da aka 'yanta, kuma ya rubuta sunan mai ba shi bayani, da garinsu, da yadda aka yi ya faɗa hannun masu cinikin bayi, da shekarun da ya yi rabonsa da gida. Ka ga amfanin abin: a 1964 masana tarihi biyu, Philip Curtin da Jan Vansina, sun koma kan waɗannan bayanai suka gano daga inda ake kwaso bayi a farkon ƙarni na 19. Da Koelle ya zubo kalmomi tsura, da wannan bincike bai yiwu ba. Haka nan mai nazarin harshe yana iya auna maganar mutum, in ya san ya shekara ashirin bai taka garinsu ba.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na Malam Mai Kano. Duk ɗalibin Hausa ya san ƙamus biyu manya: na G. P. Bargery da ya fito a 1934, mai shafi sama da dubu, da na R. C. Abraham. Abraham ya yi aiki tare da Bargery kafin ya kama nasa. Da nasa ya fito a 1949, sunaye biyu ne a kai: Abraham da Malam Mai Kano. Da aka sake buga shi a 1962, sai sunan Abraham kaɗai. Bugu na biyun shi ya fi yaɗuwa, shi ke kan kantocin jami'o'inmu, don haka abin da ɗalibi ke rubutawa a ƙarshen kundinsa shi ne "Abraham, 1962". Wani ya kwafa daga wani, wani ya kwafa daga wancan. Na tambayi abokai uku da suka karanta Hausa a jami'a, babu ko ɗaya da ya taɓa jin sunan malamin. Alhali duk wanda ya buɗe ƙamusun nan ya ga yawan karin magana da misalan zance da ke ciki, ya san akwai Bahaushen da ya zauna ana tambayarsa dare da rana.

Na Frank Edgar ma kusan haka ne. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuto shi da ajami, shi ya mayar da shi boko. Yau "tatsuniyoyin Edgar" ake cewa, kamar a gidansu kakarsa ta yi masa su. Mary Smith dai ta kyauta, domin littafinta na 1954 sunan tsohuwar da ta ba ta labari ta sa masa, Baba ta Karo.

Yanzu waɗannan littattafai sun bar kanta sun hau intanet. Ƙamusun Bargery ana iya binciken kalma a cikinsa ta waya, tsofaffin bugu kuma an ɗauki hotonsu shafi-shafi. Rumbunan bayanai na jami'o'i suna kwafar juna ne, kamar yadda ɗalibai ke yi, don haka gurbin da aka bari a 1962 yana ta haihuwa. Finafinanmu ma layin da suke bi ke nan. Ranar da wani zai zauna tattara bayanan finafinan Hausa tun daga Turmin Danya na 1990, sunayen da ke ƙarshen kaset zai kwafa, in ma kaset ɗin bai ci ƙasa ba. Ni dai a rubutuna na daina sa 1962. Bugun 1949 nake ambata, da sunayensa biyu.