Daga Tsangaya zuwa Habana: Tarihin Fita Neman Ilimi a Ƙasar Tasawa

Fita neman ilimi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Tasawa da Mayahi, ciki har da Kona da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma ta riga zuwan sojojin Faransa yankin a shekarar 1899 da nisa. Da zarar an gama girbin gero, malamin allo yakan kwashi almajiransa ya nufi Katsina ko Kano ko Zariya, masu neman haddar Alƙur'ani kuma su yi gabas wajen Barno, sannan yawancinsu su dawo gida da faɗuwar damina domin noma. Wanda ya wuce allo ya shiga karatun littattafai yakan zauna gaban malami guda har ya sauke littafi, malamin ya ba shi ijaza, wato shaidar cewa ya karanta littafin kuma an yarje masa ya karantar da shi, kana ya ƙara gaba wurin wani. Abin lura a nan shi ne, ijazar da aka bayar a Katsina karɓaɓɓiya ce a Tasawa ba tare da gardama ba, saboda littattafan ɗaya ne kuma an san silsilar malaman.

Makarantar boko, wadda mutanen Nijar ke kira lakwal, ta sauya alƙiblar tafiyar zuwa yamma. A zamanin mulkin mallaka yaron da ya yi fice yakan tafi Damagaram ko Yamai, daga nan 'yan ƙalilan su wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda ake horar da malamai da ma'aikatan Afirka ta Yamma. Wannan hanya ce Abdou Moumouni Dioffo ya bi, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi karatu a Dakar da Paris, ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin fiziks a 1956, ya ƙaro bincike kan hasken rana a Tarayyar Sobiyet, ya kuma wallafa littafi kan ilimi a Afirka a 1964. Nijar ba ta sami jami'arta ba sai a farkon shekarun 1970, jami'ar Yamai ke nan da aka sa wa sunansa a 1992, saboda haka kafin lokacin duk mai neman digiri dole ne ya ƙetare iyaka.

Ƙofar duniyar masu magana da Sifaniyanci ba ta buɗe wa 'yan Sahel ta ƙasar Sifaniya ba, ta tsibirin Kyuba ta buɗe, kuma siyasa ce ta buɗe ta. Daga 1977 gwamnatin Fidel Castro ta kafa makarantun kwana a wani ƙaramin tsibiri da ake kira Tsibirin Matasa domin yaran Angola da Mozambik da Habasha da wasu ƙasashe, kuma a 1986 shugaban Burkina Faso Thomas Sankara ya aika da yara 600 daga ƙasarsa, yawancinsu marayu. Bayan guguwar Mitch ta yi ɓarna a tsakiyar nahiyar Amurka a 1998, sai Kyuba ta buɗe makarantar likitanci ta ELAM a 1999, a harabar tsohuwar makarantar sojan ruwa da ke yamma da birnin Habana, daga baya kuma ta karɓi ɗalibai daga ƙasashen Afirka, har da Nijar, yayin da likitocin Kyuba ke aiki a asibitocin Nijar. Karatu da wurin kwana da abinci kyauta ne, da ɗan kuɗin kashewa kowane wata, amma da alkawari guda: ɗalibi zai koma ya yi wa talakawan ƙasarsa aiki.

Rayuwar ɗalibi a can ta ginu ne a kan harshe kafin komai. Wanda ya fito daga Nijar yakan shafe watanni yana koyon Sifaniyanci da darussan share fage kafin ya fara shekaru shida na likitanci, biyun farko a aji, sauran kuma a asibitocin larduna, inda dole ya fahimci maganar tsohuwar da ta zo da ciwon ƙirji, ba Sifaniyancin littafi kawai ba. Faransanci yana rage masa wahala, domin harsunan biyu daga Latin suka samo asali, sai dai ga Bahaushen da ya taso da Hausa a gida, Larabci a allo, Faransanci a lakwal, Ingilishi a kwaleji, wannan shi ne harshe na biyar da zai ɗauka. Abincin yau da kullum shinkafa ce da baƙin wake, wanda bai yi nisa da garaugarau ba, amma naman da aka fi sabawa da shi a ƙasar na alade ne, don haka ɗalibi Musulmi yakan dogara ga ƙwai da kifi da kaza idan an samu. Habana ba ta sami masallacin jama'a ba sai a 2015, wanda ke nufin ɗaliban farko a ɗakunan kwanansu suke haɗa jam'i da buɗa baki, kuma intanet ta wayar hannu ba ta iso ga jama'ar ƙasar ba sai a ƙarshen 2018, saboda haka jin muryar iyaye abu ne mai tsada da ake yi jefi-jefi. Waɗanda suka jure wannan zama sun cancanci a riƙa tunawa da su idan ana tarihin kiwon lafiya a Sahel.

Musayar ɗalibai ta zango ɗaya, wato ɗalibi ya bar jami'arsa na wata biyar ko shida ya yi karatu a wata sannan ya dawo ya ci gaba, tsari ne dabam da ya taso a Turai. Shirin Erasmus ya fara a 1987, kuma Sifaniya ta daɗe tana cikin ƙasashen da suka fi karɓar baƙin ɗalibai a ƙarƙashinsa, musamman jami'o'in Granada da Madrid da Balensiya, daga 2015 kuma aka buɗe wani reshe nasa ga jami'o'in da ke wajen Turai. Ginshiƙin tsarin shi ne kiredi, wato ma'aunin yawan aikin da ɗalibi ya yi a darasi, inda zango ɗaya yake daidai da kiredi 30, kuma kafin tafiya jami'o'in biyu da ɗalibin suna sa hannu a kan darussan da zai ɗauka domin a lissafa masa su idan ya dawo. Wannan shi ne aikin da ijaza ke yi a da, sai dai yanzu amanar ta koma tsakanin ofisoshi maimakon tsakanin malamai. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA ta Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, sun amince a 2007 da tsarin LMD, wanda ya raba karatun jami'a gida uku, lisans da masta da dakta, ya kuma yanka shekara zuwa zango biyu, kuma jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, a kan wannan tsari take tafiya.

A takarda, to, ɗan Kona da ke karatun aikin gona a Maraɗi zai iya yin zango a Granada, birnin da aka haifi Hasan al-Wazzan, wanda ya rubuta labarin Katsina da Kano da Gobir a ƙarni na 16. A zahiri kuwa akwai tarnaƙi. Zaman da ya wuce kwana 90 yana bukatar bizar karatu, neman ta kuma na nufin tafiyar sama da kilomita 700 daga Kona zuwa Yamai, ga kuɗin fasfo da inshorar lafiya. Yajin aiki da jinkirin biyan tallafin ɗalibai sun sha karkatar da kalandar jami'o'in Nijar, alhali zangon Sifaniya yana farawa a Satumba ya ƙare a Janairu ba tare da jiran kowa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dangantaka da Tarayyar Turai ta yi sanyi, Faransa kuma ta dakatar da bayar da biza a Yamai a wancan lokaci, abin da ya tilasta wa ɗalibai da iyayensu duban wasu ƙasashe.

Idan aka auna hanyoyin biyu da ma'aunin amfanin ƙauye, tsarin Kyuba ya fi dacewa da irin su Kona, domin bai nemi dukiyar iyaye ba kuma ya ɗaura tafiya da dawowa, yayin da musayar zango ɗaya ta fi sauƙi ga 'ya'yan birni masu fasfo a hannu. Duk da haka musayar tana da fa'idar da bai kamata a yi sakaci da ita ba, wato ɗalibi yana nan a rajistar jami'arsa kuma digirinsa na gida ne. Hakkin da ke kan hukumomin jami'ar Maraɗi shi ne su daidaita kalandarsu, su koyar da Sifaniyanci tun shekarar farko, su kuma ware wa ɗaliban karkara gurabe a duk yarjejeniyar da za su ƙulla.