Ɓera, Ƙuma da Tarihin Aikin Duba-gari

Annobar kaluluwa, wadda alamarta ita ce zazzaɓi mai zafi da kumburi a matsematsi ko hammata ko wuya, cutar ɓeraye ce tun asali, kuma ƙuma ce ke ɗauko ta daga jinin ɓera ta zuba wa mutum, musamman idan ɓeran ya mutu ta rasa abin tsotsa. Masana ba su gane wannan ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong a 1894, sannan Paul-Louis Simond ya nuna a Karachi a 1898 cewa ƙuma ce 'yar aiken.

Jiragen ruwa ne suka shigo da annobar Afirka ta Yamma, ta ɓulla a Akara a 1908, a Dakar a 1914, sai kuma Kumasi da Legas a 1924, inda ta shafi Hausawa kai tsaye, domin a Kumasi ta yi ɓarna a zango, a Legas kuwa hukuma ta ɗora zargin shigowarta a kan fataucin goro daga ƙasar Asante. Gwamnatin mulkin mallaka ta riga ta san ɓera ne tushen matsalar, amma hannunta ya fi saurin kaiwa kan talaka: aka rushe gidaje a unguwar Oko Awo, aka kafa hukumar raya birnin Legas a 1928, aka kuma ƙara samun hujjar raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Aikin da ya fi amfani shi ne wanda ba a cika ambatonsa ba, wato na duba-gari da masu ɗana tarko, waɗanda suke bi gida-gida suna kama ɓeraye, su maƙala wa kowane shaidar gidan da aka kama shi, a kai ɗakin bincike a feɗe a duba saifa, ta haka ake sanin unguwar da cutar ta shiga tun kafin mutum ya kwanta. Cutar ta lafa a Legas a farkon shekarun 1930.

A yau magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna warkar da ita idan an fara da wuri, ko da yake ba ta ɓace ba, tun da ta kashe mutum fiye da 200 a Madagaska a 2017. A Kaduna kuwa, abin da ɓera ke kawowa yanzu shi ne zazzaɓin Lassa, ta hanyar fitsari da kashin da yake bari a buhun hatsi da garin da aka shanya, kuma bolar da ba a kwashewa da kwatar da ta toshe aikin duba-gari ne, ba na asibiti ba.