Daga Huhun Goro Zuwa Tirela: Tarihin Haɗa Kaya A Kurmi

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa kwana biyu a Mil 12 yana jiran mota ta cika ya san cewa sayen kaya daban, kai shi inda za shi daban. Wannan wahala ba yau ta fara ba.

Kakanninmu fatake ba sa tafiya ɗaiɗai. Ayari suke haɗawa zuwa Gwanja sayen goro, madugu na gaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan fito. Da aka buɗe layin dogo tsakanin Legas da Kano a 1912, sai ciniki ya karkato Kurmi, goron Agege da Shagamu ya riƙa hawa Arewa, shanu na gangarowa. A 1916 aka kafa Sabon Ibadan.

To, amma ƙaramin ɗan kasuwa ba ya cika tarago shi kaɗai, goro kuma ba ya jira, ko ya bushe ko sankara ta kama shi. Nan maigida ya shigo. Shi ke saukar baƙi, ya tara huhunan mutane da yawa wuri ɗaya, ya nemo 'yan dako, ya tsaya wa kowa a kan bashi. Jarinsa amana.

Da jirgin ƙasa ya ja baya, gingimari da tirela suka karɓi aikin, 'yan kamasho suka zama masu haɗa lodi. Sai dai gari ya cushe. Tirela ba ta shiga lungu, dole a sauke a loda wa ƙananan motoci da baro, kowane sauki da kuɗinsa, tumatir kuwa na ruɓewa a kwando. Cunkoson Apapa ya kai ga hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fito da tsarin Eto a 2021, domin kowace mota ta jira kiranta.

Abin da ya fi cin mu yau shi ne rarrabuwa: mutum biyar masu kaya zuwa gari ɗaya, kowa na neman motarsa, wata motar kuma ta koma Arewa fayau. Abin da madugu da maigida suka yi ba waya a hannu, mu da ke da ita ba mu da uzuri. Mu riƙa sanar da juna ranar lodi tun da wuri.

Allah Ya tsare direbobinmu, Ya sa albarka a nema.