Tarun Indra

Tarun Indra (suna, namiji). Kwatancin da malaman addinin Hindu da na Buda ke yi don nuna yadda komai na duniya yake sarƙe da ɗan'uwansa. Taru shi ne babbar ragar kamun kifi, irin wadda masunta ke ja a tafkin Madarunfa. Indra kuwa abin bauta ne a wurin 'yan Hindu.

A littafin Atharba Beda tarun makami ne na kame abokan gaba. Mabiya Buda ne suka zurfafa ma'anarsa: taru marar iyaka, kowane ƙulli da lu'ulu'u guda, kowane lu'ulu'u yana ɗauke da hoton sauran duka. Abin nufi, babu halittar da ta tsaya da kanta. An ruwaito cewa malami Fazang na ƙasar Sin (643–712) ya bayyana wa Sarauniya Wu wannan da madubai goma, ya sa gunki da wuta a tsakiyarsu.

Musulmi ba ya karɓar aƙidar, amma lurar da ke ciki ta cancanci nazari.

*Misali:* Gulbin Maraɗi tarun Indra ne, in an tare ruwa a Jibiya sai manomin Madarunfa ya ji a gonarsa.