Daga Ɗakin Ungozoma Zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale

A zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku, a ɗaki iyayenmu mata suke durƙusawa, ungozoma ta yanke cibi. In naƙuda ta tsawaita, wata ta rasu, wata ta tashi da yoyon fitsari.

A 1974 aka buɗe babban asibitin Tamale. Daga baya ya zama asibitin koyarwa na uku a Gana, bayan Korle Bu da Komfo Anokye. Can ake tura abin da ya gagari asibitocin garuruwanmu: jijjiga, zubar jini, tiyata mai wuya, renon bakwaini. Tun 2008 inshorar lafiya ta ɗauke kuɗin awo da haihuwa.

Saura nisan hanya da jinkirin maigida. Mu tura matanmu awo da wuri. Allah ya sauke su lafiya.